Abin da Baffa Ya Kai Gidan Mai Kamfani

Zuwa ga 'yar Akawu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Injiniya da yaran. In kin tambaye ni, ko da yake ba ki tambaya ba, ina nan da sauran numfashi. Gwiwar hagu ce dai, wadda ta ƙare ƙuruciyarta a kan taka kulocin mota, take rama abin da na yi mata da sanyin safiya. Kunne kuma kin san halinsa. Wayar da kika aiko tana cikin akwati, don kowa ya kira sai in ji kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani.

Tela maƙwabcina ne yake rubuta mini, kamar kullum. Ya ce in fara da daɗin baki. Na ce masa alƙalami na ba shi, ban ba shi bakina ba.

Tun rasuwar Innarki ban ga ƙeyarki ba. Kin aiko direbanki da kuɗi a ambulan, ya zo ya zauna a madadinki. Yaron kirki ne, sai dai bai iya juya mota a lungu ba, sai da na fito cikin masu gaisuwa na nuna masa. Ban ce komai ba a lokacin, yanzu ma ba cewa nake yi ba.

Ni da ubanki 'ya'yan wa da ƙane ne, ɗaki ɗaya muka tashi. Aka kai shi makaranta ya zama akawu, ni aka kai ni tasha wankin mota. Wannan ya wuce, Allah ya ji ƙansa. Amma ki tuna ranar da kika zo neman aiki a kamfanin sabulun nan, a motar Mai Kamfani na ɗauko ki, na sauke ki bayan kwana don kada a ce da hanya kika shiga. Yau an ce ke ce mataimakiyar shugaba. Babban ofis ya ƙaura can wajenku, ya bar mu nan da tsohuwar masana'anta da warinta, da ni, da Mai Kamfani a gidansa na kan tudu. Tsofaffi uku ke nan.

Ba komai nake nema ba. Takarda ɗaya dai, in san zumunci bai bi ubanki kabari ba.

Baffanki, tsohon direba.

*

Zuwa ga Baffa,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina yi maka sannu da gwiwa. Yara lafiya lau. Injiniya ne ba lafiya, kuma shi ne amsar duk abin da ka faɗa.

Ƙodarsa ce ta gaza. Ranar da aka binne Inna muna asibiti ana sa masa robar wankin jini a wuya. Na kasa zuwa, na kuma kasa faɗin dalili, don ya roƙe ni kada kowa ya ji. Mutum ne da ba ya son a kalle shi da tausayi. Yanzu sau uku a mako nake kai shi wankin ƙoda da sassafe, in wuce ofis in zauna taro kamar daga gida nake. Duk da haka na yi maka laifi. Ka yafe mini.

Tunda ka san kamfanin nan tun kafin a sa masa bene, bari in gaya maka abin da ke cina. Mu uku ne mataimakan shugaba. Ni ke riƙe da masana'antu duka da motocin rarraba kaya, ɗaya yana kan ciniki, ɗaya yana kan kuɗi. Kwanakin baya muna cin abinci a ofis, na cinikin ya fara kukan albashinsa bai kai masa ko'ina ba, har ya faɗi adadin. Baffa, cokali ya tsaya mini a hannu. Abin da yake raina ɗin ya fi nawa da kashi ɗaya cikin uku, kuma ni na koya masa aikin. Na bincika, na kuɗin ma haka.

Na rubuta wa kwamitin albashi, wanda Mai Kamfani yake shugabanta har yanzu, za su saurare ni wata mai zuwa. Ina da makami ɗaya: wani kamfani a gari mai nisa ya yi mini tayin aiki, kuma na bari labarin ya kai kunnensu. Gaskiyar ita ce ba inda zan iya zuwa, Injiniya ba ya ɗaguwa daga likitansa. Amma su ba su sani ba, kuma rashin saninsu shi ne ƙarfina.

Na faɗa maka ne don ba ni da uba sai kai, kuma maganar ta yi mini nauyi. Don Allah ta tsaya tsakaninmu. Tela, kai da kake karantawa, ina gaishe ka, kai ma ka ɗinke bakinka.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yar Akawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ba Injiniya lafiya, ya sa kaffara ce. Maganar Innarki na yafe. Da kin faɗa tun farko da ban yi wata da watanni ina ƙullace da ke ba, amma ku 'yan boko kun ɗauka ciwo abin kunya ne.

Yanzu ki saurara, wannan fannina ne. Kin yi karatu, amma ba ki san yadda ake karɓar ƙari a hannun mutumin nan ba. Ni na tuƙa shi shekara talatin. Ba a ƙara wa mutum albashi don ya iya aiki. Wanda ya iya aiki ai yana yi, me za a ƙara masa? Kuma ba ya son barazana. Na ga wani manaja ya ce masa zai tafi, shi kuwa ya ce in kai shi tasha a motarsa.

Ga yadda ake yi. Sai ya ci ya ƙoshi, kun shiga cunkoso, ka dubi madubi ka yi ajiyar zuciya. Ya ce, "Lafiya, Direba?" Ka ce ba komai. Sai ya tambaya karo na biyu kafin ka ce rufin ɗaki ne yake yoyo, ko an yi haihuwa. Duk ƙarin da na taɓa samu da haka na same shi. Ke kuwa kina da dalilin da ya fi rufin ɗaki, kin zauna a kansa kina ɓoyewa.

Na ga inda kika ce maganar ta tsaya tsakaninmu. Tela ya karanta mini wurin sau biyu, har da buga tebur. Na ce masa wannan kunyar yara ce, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau bene ba zai gani ba. Mai Kamfani ba bare ba ne, a bayan motata ya yi kukan mutuwar uwarsa.

Jiya na sa rigata mai kyau na hau tudun. Na same shi a falo, ma'aikaciyar jinya tana auna masa jini. Na zauna a ƙasa gefen kafet, wurina na da.

Ya ce, "Direba, ashe ba ka mutu ba?"

Na ce, "Kai nake jira, ranka ya daɗe. In na riga ka, wa zai tuƙa ka can?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Shi ya fara ɗauko zancenki. Ya ce, "'Yar nan taka ta hana mu barci. An ce wasu za su ɗauke ta, kuma in ta tafi masana'antun nan sai sun tsaya da ƙafa ɗaya."

Na yi ajiyar zuciyar nan tawa. Na ce, "Ina za ta je da miji a kwance?" Na zayyana masa komai, robar wuyan, da sammakon, da yaran. Ban rage ba, har na ɗan ƙara gishiri kaɗan.

Ya cire tabarau. Ya ce, "Kullum a asibiti ɗaya?"

Na ce ƙwarai.

Ya ce, "To ba ta iya barin garin ke nan."

Na ce, "Ko nan da can, ranka ya daɗe."

Ya jinjina kai ya ce Allah sarki, ya ce in bar masa maganar. Na san fuskarsa, ta shige shi. Ki kwantar da hankalinki. Ubanki ya ba ki takarda, ni abin da nake da shi ke nan, na ba ki.

Baffanki.

*

Zuwa ga 'yar Akawu,

Ina gaisuwa. Ya mai jiki? Ni gwiwa da sauƙi, ruwan da aka yi ne ya jiƙa mini katifa.

Wata ya mutu, wani ya kama, ban ji daga gare ki ba. Kullum sai na leƙa shagon Tela in tambaya ko mai kawo wasiƙa ya zo, har ya fara ce mini in zo in zauna a akwatin gidan waya in huta. Ba godiya nake nema ba. Amma ko jaki aka ɗora wa kaya ya kai, akan shafa masa wuya.

Ko ƙarin ne ya yi yawa har kin manta hanyar gidan waya? Halin gidanku ne, ubanki ma da aka yi masa ƙarin girma sai a bakin mutane na ji.

In kuwa jikin Injiniya ne, ki sa ko yaran su rubuto layi ɗaya. Tela ya ce tun ranar da na hau tudun nan gabansa yake faɗuwa. Na ce masa gaban tela ba ya rasa faɗuwa, kullum yana yanka yadin mutane.

Baffanki.

*

Baffa,

Ina gaishe ka. Injiniya yana nan yadda yake. Na daɗe ban rubuto ba don duk takardar da na fara sai in ga ba irin wadda ake aika wa uba ba ce, in yage.

Wasiƙarka ta iso ana gobe zaman kwamiti, tana cikin jakata ban buɗe ba, ina ta shirin abin da zan faɗa. Da na karanta ta a daren, da aƙalla na san abin da zan tarar.

Ka san dogon teburin nan da aka ɗauko daga tsohon ofis. Maza ne zagaye da shi, Mai Kamfani ya zo da kansa yana can ƙarshe. Na miƙe da bayanin aikina: masana'antar da na tarar tana asara na tayar, motocin da suka daina kwana a hanya. Ban buɗe baki ba ya ɗaga hannu.

Ya ce, "'Yata, zauna. Me ya sa ba ki gaya mana mijinki yana kwance ba? Mu ba iyayenki ba ne?"

Shekaruna a kamfanin nan bai taɓa ce mini 'yata ba, da muƙamina yake kirana. Ɗakin ya cika da sannu. Na cinikin nan, wanda ya fi ni albashi, har da turo mini ruwa. Na ce ba wannan ya kawo ni ba, na zo ne a kan a biya ni daidai da abokan aikina. Wani ya ce, "Hajiya, hankalinki ba a kwance yake ba yanzu, a bar wannan sai an samu sauƙi." Ba wanda ya ƙara ambaton kamfanin da yake nemana. Sun san ƙofar a rufe take.

Ga abin da suka yanke. Albashi yana nan yadda yake. Za a ba ni tallafin jinya, Mai Kamfani ne zai duba duk shekara ko a ci gaba. Sannan don a rage mini nauyi, an cire motocin rarraba kaya daga hannuna an ba na ciniki. Kai ka san ma'anar a karɓe wa mutum makulli.

Na sa hannu, Baffa. Wannan ne ya fi ci mini rai, ba kai ba. Kuɗin asibitin sun kusa cinye gidan da muke ciki, na dubi takardar na kasa ture ta. Akwai mata biyu manajoji a ƙarƙashina da suke jiran su ga yadda zan fito, don su ma su san bakin da za su buɗe. Na wuce su a baranda ban iya ɗaga ido ba.

Injiniya ya ji, don sun aiko masa da kwandon dubiya da kati. Ya karanta katin ya ce, "Ashe ni ne farashinki." Tun ranar ba ya yi mini magana a mota.

Na san don ni ka yi. Laifina ne da na ɗora maka kayan da na kasa riƙewa. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka sake hawa tudun nan.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki, in kina amsa gaisuwata. Ina gaida Injiniya, shi ba sai ya amsa ba. Lafiyata ba abin tambaya ba ce yau.

Da Tela ya gama karanta mini, abin da ya fara fita bakina shi ne, "To ai an ba ta." Ba zan ɓoye miki ba, haka na ce. Tela ya naɗe takardar ya miƙo mini, ya koma kan kekensa na ɗinki. Mutumin da ba ya rasa magana. Na zauna ina jiran ya zage ni ya ƙi.

Na koma ɗaki na kwanta ina kallon inda rufin yake ɗiga, sai wani abu ya dawo mini. Kin san haushin da na fi daɗewa da shi? Shekarar da zan ajiye aiki aka ɗauko wani direba mai takardar makaranta, ya shiga ofis ya faɗi abin da za a biya shi, aka biya. Ya fara da abin da ni ban kai ba har na gama. Na yi ta tsine wa boko, na tsine wa wanda ya kai ubanki makaranta ya bar ni. Ban taɓa tsayawa na ga cewa shi aikinsa ya kai kasuwa ba, ni kuwa hawayena nake kaiwa. Motar mutumin nan ban taɓa goga mata ko bango ba, amma ban taɓa ce masa ga tuƙina, biya ni ba. Kullum rufi, kullum haihuwa. Ke kin shiga da aikinki a hannu, na bi ta baya na karɓe na miƙa miki ƙoƙon bara irin nawa.

Kin ce kada in hau tudun. Na hau. Ki ƙara a cikin laifina.

Na yi niyyar in zauna a kujera, in dube shi ido da ido. Tun a hanya nake maimaitawa. Da na shiga falon, gwiwar nan da ba ta lanƙwasuwa ko don salla sai da dabara, ita ta kai ni ƙasa gefen kafet kafin in yi shawara da ita.

Daga nan ƙasan na ce, "Ranka ya daɗe, maganar da na kawo rannan ba tawa ba ce, sata na yi. Yarinyar nan ba taimako ta nema ba. Kai da bakinka ka ce in ta tafi masana'antu za su tsaya da ƙafa ɗaya. A biya ta kamar mazan."

Ya ce, "Direba, yaushe ka zama lauya?" Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa jika. Ya ce, "Mazan nan suna da inda za su je. Ita kuwa mun riƙe ta da mutunci. Kai ka fi kowa sanin ba na yar da nawa."

Ya laluba aljihu ya miƙo kuɗin mota kamar yadda ya saba. 'Yata, hannuna ya karɓa. Hannu biyu, har da na gode. Sai da na kai bakin ƙofar gidan na ga abin a tafina.

Kuɗin suna nan ƙarƙashin fitila, ban taɓa ba, ban kuma san inda zan kai su ba. Ban iya gyara abin da na ɓata ba. Ban ce ki yafe ba, don na san ni ma in an ce in yafe nakan ɗauki shekara. Ki gaya wa Injiniya bakin da ya tona shi nawa ne, ba naki ba, ya yi fushi da mai shi.

Baffanki.

*

Baffa,

Ina gaishe ka da gwiwa. Na karanta wa Injiniya wasiƙarka a mota, muna jiran a buɗe ƙofar asibiti. Da na kai wurin hannu biyu ya yi dariya, ta farko tun ranar katin. Ya ce ni da kai duk mun karɓa, to wa zai yi wa wani gori.

Ƙarin albashin bana ya tafi, ba zan yi maka ƙarya ba. Na kira matan nan biyu na gaya musu yadda aka yi, ba ragi. Baɗi ni da su za mu shiga gaban kwamitin tare, kuma kowa ya riga ya san sirrina, ba sauran abin da za a kama ni da shi.

Ga abin da nake so. Sammakon asibitin nan yana sa in isa taro a gajiye, kuma yanzu ido suke zuba mini su ga na gaza. Tare da motocin aka ɗauke mini direbana. Ina neman mai kai Injiniya ya jira shi ya dawo da shi. Akwai ɗaki, kuma motar ba ta da kuloci. Aiki ne, ba taimako ba. Ka rubuto mini abin da ake biyan direba irinka. In ka ambaci rufin ɗaki, na fasa.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa gare ki da Injiniya da yara. Ina lafiya. Ido garau, na sa Tela ya tsaya can bakin titi da takarda na faɗa masa yatsu nawa ya ɗaga a bayanta, ya ce wannan ba gwaji ba ne, maita ce.

Zan zo. Kuɗin Mai Kamfani na ba mai gadinsa ya mayar masa, ban jira na ji amsa ba, don kada hannun nan ya sake ci mini amana.

Maganar farashi ita ta tsayar da wasiƙar nan. Tela ya ɗaga alƙalami yana jiran in faɗi adadin. Ban sani ba. Tun ina wankin mota ban taɓa tambayar nawa aikina yake ba. Jiya na je tasha na tambayi direbobi, suka yi ta yi mini dariya, amma sun faɗa. Na zo zan rage, don ke 'yata ce kuma ga jinya. Tela ya ajiye alƙalami ya ce shi ba zai rubuta ragi ba.

To ga shi nan a ƙasa ya rubuta, yadda suka faɗa, har na ɗora kaɗan don ban taɓa goga mota ba. In ya yi miki yawa ki taya, in ƙi.

Baffanki, direba.